Famfon Motar Malam Iro

Shekaranjiya wani daga cikinku matasa masu aikin famfo, ba zan kama suna ba amma mai jar hular nan ya san kansa, ya tsaya yana wanke hannu a famfon tsohuwar motar da ke bayan shagona, ya ce da 'yan'uwansa, "Wai wannan ma har aiki ne? Huda za ka yi, ka zura bututu, ka ɗaura kai. A waya na ga wani ya yi wa motarsa cikin minti shida." Na ji shi. Kunnena na hagu ne ya mutu, na dama yana nan da ransa, kuma shi nake juya wa masu gulma. Ban tanka ba don bakina cike yake da rogo da ƙuli. Amma maganar ta tsaya mini, shi ya sa na nemi takarda. Ku yi haƙuri da rubutun. Aji uku na yi a firamare, shi ma na ukun sau biyu na yi shi, saboda malaminmu yana ƙaunata, ba ya son mu rabu.

Ɗanjuma Mai Famfo ake ce mini daga Kura har Bunkure, amma ba da famfo na fara ba. Da injin ban ruwa na fara, a hannun Malam Iro Makaniki, Allah ya jiƙansa, mai wannan motar da kuke jingina da ita.

Aikina na farko a hannunsa injin wani manomin albasa ne a wajen Kadawa. Inji yana tashi, yana ihu, ruwa ko ɗigo. Na ce, "Malam, bar mini shi." Ya ce, "To," ya koma inuwa ya zauna. Na kwance injin nan kaf, na baje kayan cikinsa a kan buhu kamar mahauci. Rana ta take, manomi yana ta kallon albasarsa yana haɗiyar yawu. Da Malam ya ga na fara sosa ƙeya sai ya miƙe, ya naɗe ƙafar wando, ya jawo bakin tiyon da ke cikin ruwa, ya sa yatsa ya zaro wani ƙaton kwaɗo da ya toshe shi. Ya ajiye kwaɗon a gabana, ya ce, "Ɗanjuma, kafin ka zargi inji, ka tambayi ruwa." Sannan ya sa na mayar da duk abin da na kwance. Da na gama, noti uku suka yi saura. Na zuba su a aljihu. Ko taku biyar ban yi ba ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Wannan kacau-kacau ɗin na injin mutane ne."

Haka yake. Da kunne yake aiki. Zai kafa bakin sukundireba a jikin inji, ya ɗora ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido, ya gaya maka ciwon tun ba a buɗe ba. Kayan aikinsa ba su da yawa: sifanu, filaya, zarto, guduma, da wata babbar sifanar kama bututu mai haƙora da yake kira Kada. Wata bakwai na yi ban taɓa Kada ba. Zare kawai nake naɗawa a bakin bututu. In na naɗa ya warware, in sake. Ku da kuke ganin farin tef ɗin nan wasa ne, ku sani in ka naɗa shi saɓanin yadda ake ɗaurawa, da ka fara murɗawa zai tattare, ruwa ya sami hanya. Ba ranar zai tona maka asiri ba. Sai ka ci kuɗin, mai gida ya yi baƙi.

Kuma bai iya yabo ba. Madalla, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi albarka, duk bai san inda ake sayar da su ba. In aikinka ya yi, zai shafa yatsa a ƙarƙashin mahaɗa, ya dubi yatsan, ya ce, "To." Guda ɗaya. Wani lokacin sai ka yi wata biyu kana jiran ta.

Motar nan tsohuwar bas ce ta haya da ya saya ya cire kujerun baya. Ya kafa gado a gefe guda, akwatin kayan aiki a ɗaya gefen, risho da tukunya a ƙarƙashin gado, darduma a rataye. Da rani ya kama, an saki ruwa a kanal, sai ya bar gidansa na Bunkure ya bi gonaki. Inda inji ya mutu nan ne garinsu. Manomi ba ya iya ɗauko inji ya kai gari ya jira kwana uku, tumatir ba ya san uzuri. Shi ya sa in suka hango bas ɗin nan tana tafe a kan gaɓar kanal tana tari, sai ka ga ana ɗaga hula daga nesa.

Shekarar da tsutsa ta cinye tumatir, ita ce ta raba ni da injuna. Gonaki suka yi baƙi kamar an sa musu wuta. Wanda ba shi da abin shayarwa, me zai yi da gyaran inji? Makanikai suka watse, wasu suka hau acaɓa, wasu suka shige Kano. Ni na koma liƙin butoci da tukwane, har rake na sayar, na fi shan abin da nake sayarwa. Malam kuwa bai fasa zagayensa ba. Wanda ya sake shuka wani abu, ya gyara masa, a ba shi albasa ko zakara ko "Allah ya saka", duk ɗaya ne a wurinsa. Ni cikina bai iya cin "Allah ya saka" ba. Na nemi izini, ya sallame ni, na buɗe shago a Kura na kama aikin famfon gidaje, inda bango ba ya motsi.

Shekaru suka tura. Na yi furfura, shi kuma nasa kan ya zama auduga. Sai wata safiya aka zo mini da labari Malam ya faɗa kanal. Ya sauka ɗiban ruwan wanka da alwala, kamar yadda ya saba shekara da shekaru, gansakukar jikin siminti ta kwashe shi. Kun san ruwan babban kanal, a ido kamar yana barci, a ƙasa gudu yake. Wani makiyayi ne ya miƙa masa sanda ya jawo shi. Ya tsira, amma ƙugunsa ya bugu, tsugunno ya gagare shi.

Nan 'yarsa Hajara ta shigo maganar. Ma'aikaciyar lafiya ce, ni na goya ta tana jaririya, amma yau in ta dube ni ta saman tabarau sai in ji kamar ban yi wanka ba. Sunan mahaifiyar Malam ta ci, don haka ba ya kama sunanta, Uwata yake ce mata, kuma ba ya iya musu da ita. Ta karɓe makullin mota ta ɗaure a bakin mayafi. Ta ce muddin zai riƙa sauka kanal, ya gama yawon gonaki.

Mutumin da ya yi shekara hamsin yana kwana da ƙarar inji, aka zaunar da shi a ƙofar gida yana korar kaji. Sati uku ya yi, ya fara ramewa. Ranar nan ina shago sai ga shi an sauke shi a babur, da sanda. Ya tsaya yana duba aikin da nake yi, ya ce, "Zarenka ya yi yawa." Na ce, "Sannu da zuwa, Malam." Ya kawar da kai. Can ya ce, yana kallon bango, "Ɗanjuma, ana iya sa wa mota famfo a waje?"

Tunda nake da shi bai taɓa tambayata wani abu da bai san amsarsa ba. Na ce, "Malam, har da na wanka." Ban taɓa yi ba. Amma bakina ya riga hankalina tashi tun ina yaro.

Hajara ta yarda a gwada, aka kawo motar shagona. To, mai jar hula, buɗe kunne, ga minti shidan naka.

Kafin huda, sai ka san inda za ka huda, don ƙarfen mota ba ya karɓar tuba. Na ɗauki alli na yi alama kusa da ƙofa, don ya fi sauƙi. Malam ya goge da hannun riga. Ya ce nan yake shimfiɗa darduma, nan manoma suke zama, so nake su zauna cikin caɓi? Muka koma ɗaya gefen, can wajen tayar baya. Na kawo kujerar katako na zaunar da shi, na ce ya yi mini alwalar ƙarya. Ya harare ni, amma ya yi. Inda hannunsa ya tsaya ba tare da ya sunkuya ba, inda ƙafarsa ta kai ba tare da ƙugun ya ji ba, nan na sa alli. Famfo ba da tsawon mota ake auna shi ba, da jikin mai shi ake aunawa. Kan famfon ma ban sa mai murɗawa ba, mai hannu na sa wanda ake turawa, don yatsunsa sun fara ƙagewa.

Sannan huda. Ka fara da ƙaramin rami, ka faɗaɗa a hankali, ka goge bakin har ya daina yanka, ka shafa masa fenti kada tsatsa ta ci. Ka yanko robar tsohon tub ka yi wa bakin ramin zobe, don in ƙarfe ya zauna da bututu ba shamaki, girgizar hanya za ta sa ya yanka shi kamar wuƙa. A ciki ban ja bututu mai tauri ba. Na gida ke nan. Mota kullum rawa take, mai tauri zai tsage a mahaɗa. Tiyo na ja, na bar masa 'yar sarara kamar igiyar akuya, na kama shi da ƙarfe a kowane kamu biyu. Na raba hanya biyu, ɗaya ta sauka famfon alwala, ɗaya ta tsaya sama da kai, na ɗaura mata kan shawa. Na lanƙwasa rodi na rataya tampol, in za a yi wanka a jawo shi ya zama ɗaki, in an gama a naɗe shi jikin mota. Na haɗa katakon tsayawa mai tsaga-tsaga, don mutumin da santsi ya kayar sau ɗaya ba a sake ba shi santsi. Cika tanki kuwa, ɗan ƙaramin injinsa ne zai ja ruwa, tiyo ya sauka kanal a madadinsa, shi yana tsaye a sama.

Sai tankin. Garin nan cike yake da duro, amma rabinsu maganin feshi aka zuba a ciki, ko ka wanke sau goma ba na wankan mutum ba ne. Na nemo wanda aka sa man gyaɗa, na wanke shi da toka da ruwan zafi. Na ɗora shi a saman mota don ruwa ya gangaro da kansa. Kuma na kwantar da shi a gicciye, kai a dama, gindi a hagu, don tiyon ya fi gajarta, kuma a idona ya fi kyau. Na cika shi, na tura hannun famfo. Ruwa ya zubo kamar da bakin ƙwarya. Na bi kowace mahaɗa, babu ɗigo.

Daga nan kaina ya kumbura. Duk wanda ya gifta sai na kira shi ya gani. Mai shayi ya gani, mai nama ya gani, liman ya gani ya yi alwala. Wani mai jaki ya tsaya, na yi wa jakinsa wanka kyauta. Kafin Hajara ta iso, rabin ruwan ya tafi a nune-nune.

Muka kama hanyar gwaji. Malam na tuƙi, ina gefensa, Hajara tana biye a bayan babur ɗin mijinta. Kun san gaɓar kanal ta wajen Bunkure, faɗin mota ɗaya ce, ruwa a hannun hagu, gangaren gonakin shinkafa a dama, tarakta ta bar ramuka. Ramin farko, motar ta karkata hagu, sai na ji dum! a samanmu, kamar an jefo buhu. Ta dawo dama, dum! Ruwan nan ya sami filin tsere daga wannan kai zuwa wancan, duk inda ya ruga sai ya ja motar. Kafin ta gama dawowa ya sake bugawa. Da muka zo kwanar kwalbati, na leƙa ta taga na ga tayar dama ta bar ƙasa.

Na fara kalmar shahada, na zarce da tuba. Na ce, "Malam, sifana mai lamba goma sha uku da ta ɓata shekarun baya, ni na yar da ita a kanal, ba ɗan mai gona ba ne!" Shi kuwa ko gezau. Bai taka birki da ƙarfi ba, da ya taka da yanzu wani ne yake ba ku labarin. Ya ɗage ƙafa daga mai a hankali, ya riƙe sitiyari kamar mai lallashin doki, ya bar ruwan ya gaji don kansa. Tayar ta sauka. Muka tsaya.

Hajara ta iso ta zare makulli. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce, "Yaya Ɗanjuma, da mutum ɗaya kanal ya so ci. Kai kuma ka ce a haɗa masa da mota da rakiya." Ta juya wajen uban. "Baba, akwai wani a Kumbotso da yake neman bas ta ɗaukar kaji. Ranar Asabar zai zo."

Ya ce, "To, Uwata."

Da ta matsa, ya ce mini, "A tsaye ka gwada shi." Na ce, "Haka ne, Malam. Yanzu mene ne abin yi?" Ya girgiza kai. "Ruwan da ke tafiya cikin bututu na sani. Wanda ake ɗauka a ka, ban taɓa ɗauka ba." Ya waiwayo ya dube ni. "Sifanar kuwa na gan ka ranar."

Talata ce. Washegari da safe na koma kwalbatin nan na zauna ina kallon sawun tayarmu. Matan rugar da ke kusa suna ɗiban ruwa a matakala. Cikinsu akwai Goggo Dije, tsohuwa mai kawo nono kasuwar Bunkure, ɗanta ne ma ya ciro Malam daga ruwa. Ta cika ƙaton daro, ta karyo rassan sabara ta shimfiɗa a kan ruwan, aka ɗora mata a ka, ta hau gangare ko ɗigo bai zuba ba. Na ga ana haka sau dubu. Mahaifiyata ma tana yi. Duk tsawon rayuwata na ɗauka don ƙuda ne, ko wani maganin mata.

Na ce, "Goggo, don Allah ganyen nan na mene ne?"

Ta juyo da daron a kanta. "Kaɗo, ba kai ne Mai Famfo ba? Wanda ya yi wa jaki wanka?"

"Ni ne."

"Furfura har gira, ba ka san wannan ba? Ku zo ku ga malamin ruwa!" Matan suka taru. Ta sa aka sauke daron, ta kwashe ganyen, ta ce a ɗora mini. Na ce ina da ciwon wuya. Ta ce ita ma tana da shi, ba ta fasa ɗaukar nono ba. Aka ɗora. Taku huɗu na yi, ruwa ya ruga gaba ya dawo baya, ya wanke ni daga hula har takalmi. Wata har ta zauna a ƙasa don dariya. Aka sake cikawa, Goggo ta mayar da ganyen, ta ce, "Tafi." Na tafi. Ina jin ruwan yana so ya tashi, ganye yana tare shi, ya koma ya kwanta.

Ta ce, "Ruwa ɗan maraƙi ne. In ka ba shi fili, tsalle zai yi. Ka raba masa wuri ya zauna lafiya. Ko kuma ka cika shi dam, ya rasa inda zai motsa. Rabi shi ne mugu."

Na ce, "Goggo, me zan ba ki?" Ta ce, "Ka je ka canza wando."

Ganye zai ruɓe a tanki, don haka na yi nawa ganyen da ƙarfe. Na sauke duron. Na sayo farantin ƙarfe wanda ba ya tsatsa, na haɗa tanki shimfiɗaɗɗe, mai tsawo marar tudu, don nauyi ya kwanta kada ya tsaya. A cikinsa na kafa bango uku a gicciye, ɗaya kuma a tsawonsa, kowanne da 'yan ƙofofi a ƙasa, ruwa ya ratsa a hankali amma kada ya sami wurin gudu. Na kwantar da shi bin tsawon mota, ba a gicciye ba. Kwana biyu ina walda, idona ya yi ja kamar gauta. Sannan na je gidan Hajara na durƙusa, ni da na goya ta. Ta daɗe tana kallona ta saman tabarau. Ta ce, "Juma'a da safe. Wannan karon ni zan shiga."

To, ga inda za ku san wane ne Ɗanjuma. Ranar Juma'a na karɓi aron makulli, na riga kowa zuwa bakin kanal da motar, na cika tankin nan har ya yi ambaliya. Goggo ta ce cikakke ba ya motsi. Na yarda da bangayena, amma ban yarda da su kamar yadda na yarda da wayo ba. Na ce a raina, mu dai wuce yau, Malam ya karɓi makullinsa, sauran gyara sai a yi a hankali.

Malam ya iso da sandarsa. Ya zagaya motar, ya ɗaga sanda ya ƙwanƙwasa gefen tanki. Sau ɗaya. Ya karkata kunne. Sannan ya dube ni, irin kallon ranar noti uku. Ya taka ya je ya tura hannun famfo, ya bar ruwa yana gangarawa cikin kwamin albasar da ke gefe.

Na matsa na yi ƙasa da murya. "Malam, motarka ce fa za ta tafi."

Ya ce, "In za ta tafi ta tafi. Ranar da zan bi gaɓar nan ni kaɗai, cike zai kasance? Kuma uwata ce za ta shiga." Bai tsaya nan ba. Ya kira ta ya yi mata bayani dalla-dalla, cewa cikakken tanki ba ya nuna halinsa, sai an zubar da rabi, in tana son gaskiyar gwaji ta jira.

Hajara ta ce, "Yaya Ɗanjuma!"

Na ce, "Zafi na gani, na ce kada ruwa ya yanke mana."

Ya riƙa ƙwanƙwasa tankin yana saurare har sautin ya kai inda yake so, daidai inda ya fi mugunta, sannan ya rufe. Muka shiga, ita a gaba, ni a baya a kan gado ina riƙe da ƙarfe, ina duba sauran zunuban da ban faɗa ba. Ramin farko. Na runtse ido ina jiran dum. Abin da na ji kawai ɗan ƙugi ne, kamar cikin mai azumi da la'asar. Rami na biyu, haka. Muka sha kwanar kwalbati tayoyi huɗu duk a ƙasa. Na buɗe baki zan yi kirari, Hajara ta ce, "A koma. Baba, ka ƙara mata wuta." Sau uku ta sa muka bi wurin nan. A na ukun ta leƙa da kanta tana kallon taya.

Da muka tsaya ta zare makulli ta riƙe. Ta koma gefe ta tsaya. Lokacin shirin masallaci ya yi, Malam ya jawo kujerarsa ya zauna a gaban famfo, ya tura hannun da bayan yatsu, ya yi alwala. Tana tsaye tana kallon yadda ya wanke ƙafar nan mai ciwo bai sunkuya ba, bai cije leɓe ba. Da ya shafa kai, ta ɗauki hularsa da ya ajiye a kan taya, ta sa makullin a ciki, ta miƙa masa. Ta ce, "Wayarka kada in kira in ji ta a kashe."

"To, Uwata."

Ya sa makulli a aljihu. Sai ya miƙa hannu ya shafa yatsa a ƙarƙashin famfon, inda zare yake. Ya dubi yatsan. Ya shafa mahaɗar sama, ya sake duba. Ya ce, "To." Na juya zan tafi da abata, sai na ji ya ƙara, "To."

Biyu. Shekara arba'in da ɗoriya ina tare da mutumin nan, ban taɓa jin an ba wani biyu ba.

Rani huɗu ya ƙara yi a kan gaɓar nan, bai sake taka matakalar kanal ba. Manoma suka mayar da gefen motarsa wurin alwala, in yana gyaran inji sai ka ga layi. Da Allah ya karɓi abinsa, Hajara ta ce in ɗauki motar, kaji ba za su shige ta ba. Goggo Dije kuwa har yau in ta hango ni a kasuwa sai ta karyo ganye ta ɗaga mini, duk 'yan layin nono su kwashe da dariya. Ina cire hula in gaishe ta. Malamata ce.

Wannan shi ne famfon da kuke wanke hannu a ciki. Ban sake taɓa zarensa ba tun ranar. Mai jar hula, na ji an ce wani mai sayen shinkafa ya kawo maka motarsa ka yi masa irinsa. Allah ya taimaka, Kada tana nan in kana son aro. In ka gama minti shidan naka, kada ka cika tankin. Aiko a kira ni. Zan zo da sanda, in zubar da rabi, ka shiga gaba.